Gadajen Gangare da Hoton Cikinsa

Tun ina da gashi baƙi nake aiki kusa da Gangare a shagon kafinta, kuma har yau ban taɓa ganin ya haɗa gado mai miƙewa daidai ba. Hannunsa yana da kyau, wannan ba na musu. In ya haɗa katako biyu, ko da fitila ba za ka ga inda suka haɗu ba. Sai dai kowane gado ya ƙera, ƙafafun wajen kai sun fi na wajen ƙafa tsawo da tafin hannu guda. Ka ajiye kwalba a kai, za ta mirgina ta same ka a ƙasa. Daga nan ya samu sunan.

Dalilinsa ƙwannafi ne. Yana cewa tun yana saurayi, da ya ci abinci ya kwanta ko ya sunkuya, wuta ke tasowa daga cikinsa har maƙogwaro, da ruwa mai tsami a bayanta. Ya ɗaga kan gadonsa ya ji sauƙi, daga nan ya yanke wa duniya hukunci cewa kowa haka yake, bai dai sani ba ne.

"Mutane na wahala, ɗan'uwa," yake ce mini. "Kwance suke shimfiɗe kamar kifi a tire."

Ni ne mai kai kaya gidajen mutane, don haka ni ake kira in an kwana biyu. Wani ya ce ya kwanta a filo ya farka ƙafafunsa na lilo. Wata ta ce jaririnta ya gangara har ƙarshen katifa. Sai in ɗauki zarto in je in rage ƙafafun. Guntayen da na yanke sun cika buhu a bayan shago, da su muke hura wutar shayi.

Matar Gangare ta fi kowa haƙuri. Na taɓa kai masa kaya gida na ga gadonsu. Ya buga wani katako a ƙarshe don ta riƙa tokarewa da ƙafa. Ta ce mini, "Ƙanina, ni tun da na yi aure ban kwanta ba, jingina nake yi."

Saboda ciwon nan, Gangare a tsaye yake aiki a dogon teburi, ba ya sunkuyawa. Duk aikin ƙasa, ɗaure ƙusoshi a ƙarƙashin gado da ɗaga katako, ni ne. Ban taɓa ƙorafi da baki ba. Bayana ne ke yi.

Abin ya ɓaci ne da muka yi wa wani masauki gadaje masu yawa aka dawo da su gaba ɗaya. Mai shago ya tsaya a tsakiyarsu yana huci.

"Na gaji da jin labarin wutar nan da ba ta hayaƙi," ya ce wa Gangare. "Ka je asibiti a leƙa. In an ga rauni, ka zauna a teburinka. In ba a ga komai ba, ka koma aikin ƙasa kamar kowa, ko ka tattara gudumarka."

A shekarunsa, babu shagon da zai ɗauki kafintan da ba ya sunkuyawa. Duk mun san haka. Amma Gangare murna ya yi. Ya ji an ce akwai siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki a ɗauki hoto. A ranar ya haɗa firam da katako mafi kyau a shagon, ya goge, ya sa masa gilashi, ya buga ƙusa a bango daidai inda mai shago ke zama.

"Za ku ga gawayi," ya ce. "Likitan ma sai ya kira abokansa su gani."

Ni aka tura in raka shi, don an ce sai an yi allurar barci kafin a zura bututun, bayanta kuma mutum ba ya iya komawa gida shi kaɗai. A ɗakin jira muka tarar da wani tsoho siriri yana gyangyaɗi. Gangare ya zauna kusa da shi ya soma.

"Baba, kai ma wutar ce?"

"Wace wuta? Ni lafiyata lau. 'Yata ce ta jawo ni, wai jinina ya yi ƙasa."

"Ba ƙuna a ƙirji? Ba gyatsa mai tsami?"

"Ko kaɗan. In na ci na kwanta, sai a tashe ni."

Gangare ya dube shi da tausayi, ya ce masa kada ya damu, ba kowa Allah ya ba babban ciwo ba.

Aka shiga da tsohon, aka fito da shi. Aka shiga da Gangare, aka fito da shi yana tangaɗi yana gaishe da kujeru. Da ya dawo hayyacinsa likita ta kira mu, ta juyo mana da hoton. Ni ban san ciki ba, amma na san katako mai kyau in na gani. Sumul, ba tsaga, ba tabo.

"Babu rauni," ta ce.

"'Yata, sake dubawa," in ji Gangare. "Wataƙila fitilar ce ba ta da ƙarfi."

"Na duba har ƙasa, Baba."

"To ko ba ki bi ta hanyar da wutar ke bi ba."

"Hanya ɗaya ce."

Ta ce masa kada ya ɗauka ƙarya yake yi. Da yawa cikin masu ƙwannafi, in an leƙa haka ake gani. Ruwan cikin yana tasowa, yana ƙona su, amma bai bar tabo ba. Wasu kuma wurin ya saɓule, amma ba su jin komai. Zafin da mutum ke ji da abin da kyamara ke gani ba kullum suke tafiya tare ba. Ta rubuta masa magani, ta ce ya daina kwanciya da cikakken ciki, kuma in bai ji sauƙi ba akwai wani gwajin. Sannan ta ce ya ɗaga kan gadonsa.

Na ce mata, "Wannan kam an riga ki."

A waje muka sake samun tsohon, 'yarsa ta tafi karɓar magani. Hotonsa na kan cinyarsa, ja jawur, duk a kwarzane kamar an bi shi da sanfefar goge katako. Gangare ya tsaya a kansa.

"Wannan ai cikina ne," ya ce. "Wallahi haka nake ji. Baba, ara mini shi zuwa gobe."

"In ara maka cikina?"

"Kai ai ba ka amfani da shi!"

Na ja shi da hannu muka fita. A mota ya roƙe ni in ce wa mai shago kyamarar ta lalace. Na ce ba zan yi ba. Ya juya mini ƙeya har muka sauka.

Washegari mai shago ya riƙe hoton yana dariya har da hawaye. "Cikin jariri! Ka ga wutar?" Na maimaita masa abin da likita ta ce, ya kaɗa hannu ya ce magana ce. Ban ga laifinsa ba, ni ma ba na sayen katako da baki. Sai na ce a gwada. Ga abincin rana, ga sabon gado da na riga na rage wa ƙafa, ga katifa a cikin ledarta. Ya ci, ya kwanta, mu gani.

Mai shago ya ce a cire ledar, don kada a ce ita ta hana shi sakewa. Shi da kansa ya sayo abincin, mai maiƙo da yaji, ya ƙara da shayi. Gangare ya cinye, ya cire takalmi, ya yi mana kallon wanda za a yi wa fiɗa, ya miƙe. Muka tsaya a kansa.

Sai ya yi barci.

Mutumin da ya shekara da shekaru bai shimfiɗe bayansa ba, ya samu katifa sabuwa. Munshari yake har gilashin firam na amsawa. Mai shago ya dube ni, ya nuna mini gudumar Gangare da haɓa. Na soma tunanin yadda zan dubi matar Gangare.

Ina cikin haka Gangare ya zabura kamar an soka masa ƙusa. Idanu jajur, yana tari, yana neman numfashi, ya cafki rigar mai shago. Abin da ya taso ya taso, rabi a katifar, rabi a rigar. Warin tsami ya kori masu wucewa daga bakin ƙofa.

Mai shago ya daɗe yana kallon katifarsa. Abin da bakin likita bai yi masa ba, katifa ta yi.

"Koma teburinka," ya ce. "Amma na sake ganin gado mai gangare ba wanda ya nema, da kai da shi zan jefar."

Ba a yi mako ba sai ga tsohon da 'yarsa, don ashe Gangare ya kwatanta masa shagon tun a ɗakin jira. Shi ma likita ta ce ya ɗaga kan gado. Shi ne mutum na farko da ya shigo da ƙafarsa ya nemi gadon Gangare yadda yake. Gangare ya yi masa shi da zuciya ɗaya, ya ƙara masa katakon tokare ƙafa kyauta, ya roƙi abu guda.

Hoton tsohon ne yanzu a firam ɗin, bisa kan mai shago. Duk wanda ya shigo ya gani sai ya ce, "Kai! Sannu, Baba kafinta." Gangare ya dafa ƙirji ya ce, "Yawwa, da sauƙi." Bai taɓa cewa nasa ne ba, bai kuma taɓa cewa ba nasa ba ne. Nasa na gaske yana ƙarƙashin ƙafar teburinsa a ninke, wai teburin na girgiza.

Ni kuwa ina nan a ƙasa ina ɗaure ƙusoshi, kuma har yanzu ba na fita kai kaya ba da zarto ba.