Furofelar Motar Babanmu

Shekarar da babanmu ya rasu, ya bar muna gona, da gida, da wata tsohuwar a-kori-kura 404 wadda injinta ya daɗe da mutuwa. Ni na jawo ta bayan garejina nan Sabon Birni, na ɗora ta bisa duwatsu, na lulluɓe da tamfol. Niyyata in tashe ta. Na kuwa faɗa wa duk wanda ya tambaya, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ranar sadakar bakwai, kawuna, wan innarmu, ya ce gaban mutane a sayar da ita tun tana da daraja, don tsatsa ba ta jiran kowa. Gaskiya ya faɗi. Amma ni mutum ne mai riƙo, Allah shi gyara ni, kuma lokacin zuciyata ɗanya take. Na dai aje maganar a ciki.

Kawu direba ne tun ban san kaina ba. Tashi motar 504 ce, ita ma ta ga jiya ta ga yau, da ita yake kwaso gero da dawa daga Unguwar Lalle zuwa kasuwa. Ita ce abincin gidanshi. Ana cikin kakar shekara ta biyu furofelarta ta karye, wato doguwar sandar ƙarfen nan ta ƙarƙashi da ke kai juyin inji ga ƙafafun baya. In babu ita, ko injin na rurin zaki motar ba ta motsawa taku guda.

Ya iske ni gareji da hantsi, da guntayen biyu ɗaure cikin buhu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya zauna bisa wata tsohuwar taya. Sai da ya gama kewaye-kewayenshi sannan ya ce in duba mishi ta motar marigayi, ko Allah zai sa ta hau, in kaka ta wuce shi maido.

Na ɗage tamfol na shiga ƙarƙashi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle idon da ya shekara ashirin yana wanga aiki. Na auna da ɗani, na sake aunawa. Abin ya ba ni mamaki, don galibi na motocin nan biyu ba su zuwa daidai, amma wagga tsawonta guda da ta kawu. Kanta kawai ya bambanta, inda ake ɗaure notuna. Kwance wancan kai, ɗaura nashi, aikin da ba ya kai azahar. Ina kwance cikin ƙasa ina kallonta, sai maganar ranar bakwai ta taso mini. Na fito ina kakkaɓe riga na ce mishi ba ta hawa, ta gaza da yatsa uku, kuma haƙoranta daban ne.

Ya dube ni ɗan lokaci. Ya ce to, Allah shi yi albarka, ya ɗauki buhunshi ya tafi.

Daga nan wahala ta fara. Ya tafi garin Isa bai samu ba. Ya aika Sakkwato aka ce an bar kawo irinta. Wani ɗan kasuwa mai shiga Nijar ya taho mishi da guda, ita kuwa da gaske ta gaza. Ƙarshe ya kai guntayen aka yi musu walda. Duk bakanike ya san furofelar walda in ba ta miƙe sak ba, girgiza za ta yi ta yi har ta ɗauki wani abu ta tafi da shi. Na sani, na ji labari, kuma ban taka na je ba. Kullum sai in ce gobe za ni kwance in kai mishi, gobe ta yi in ce ai kunya ce yanzu, mi za ni ce ya canza?

Sati na uku ta tsinke mishi da lodin gero, ta fasa giyabos. Bai ji ciwo ba, amma motar ta gama. Kaka ta wuce, masu hatsi suka koma ga wasu direbobi, shi kuma ya sayar da gawar ga masu sayen ƙarfe. Mutumin da ba ya wuni gida ya koma zaman zaure. Wallahi cikin shekara guda na ga ya tsufa, har sallamarshi ta rage ƙarfi. Ni kuwa 404 tana nan bisa duwatsunta, ban ɗaura mata ko noti ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, innarmu ta ce in je in gaishe shi. Na iske shi bisa tabarma, an jingina shi da bango. Na zauna, sannan na ce, "Kawu, ka yafe mini. Furofelar nan tana hawa. Ƙarya na yi maka."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Na sani, ɗana. Ai tawa ce."

Ya ba ni labari a hankali, yana hutawa. Wata damina, ina ƙarami, ta babanmu ta karye hanyar Burkusuma. Kawu na da wata ajiye da ya ciro daga motarshi ta farko, ya ɗauko ya kai har can, su biyu suka kwanta cikin laka suka canza mata kai suka ɗaura. Babanmu ya yi ya yi shi karɓi wani abu, ya ƙi.

Hawaye suka zubo mini, ni da furfura a gemu. Na ce to don mi bai faɗa ba ran nan, da kalma guda ta isa in kwance mishi.

"Ubanka na ba kyauta," in ji shi. "In zo in karɓe ta hannun maraya?"

Kwana tara bayan nan muka kai shi makwancinshi.