Badaru Mai Batri, Ƙafar da Ta Riƙe Kiɗanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga watan Fabrairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Badaru Mainassara, wanda mutanen Dakoro suka fi sani da Badaru Mai Batri. Ya rasu a gidansa bayan doguwar jinyar ciwon suga, aka yi masa sutura bayan azahar. Ni Alhusaini, mai kaɗa gita a orkes, wato ƙungiyar makaɗa, da muka kafa tare, ina cikin waɗanda suka sa shi a makwancinsa.

Yaya Badaru, masu kallo mawaƙi suke gani da mai gita, domin mu ne a gaba. Kai kana can baya, jerin gangunan zamani da ake kira batri sun kewaye ka, ƙafarka ma ba wanda yake ganinta. Amma mu mun san duk abin da muke yi a kan wannan ƙafar yake tsaye. Ita ke taka fedal, fedal ya wurga 'yar gula, gular ta daki babbar gangar da ke kwance a ƙasa. Kan gular nan bai fi ƙwan kaza girma ba, amma ban taɓa ganin mutumin da ya ba ƙaramin abu muhimmanci kamar yadda ka ba shi ba.

Lokacin da muka bar kiɗan biki mai sanyi muka koma kiɗa mai nauyi, gita biyu suna ruri, sai babbar ganga ta ɓace. Kana takawa har gumi ya jiƙe ka, amma ba a jin komai sai wani ɗan gunji. Muka ce a ƙara wa lasifika ƙarfi. Ka girgiza kai ka ce, "Ba ƙarfi ta rasa ba, kaifi ta rasa." Gular da ta zo da gangunan daga Maradi ta ulu ce, mai taushi, wadda aka yi don kiɗan da ba ya hayaniya. Kai kuwa ɗan masassaƙi ne daga Ɗan Gulbi, cikin turmi da taɓarya ka tashi, ka san halin kowane itace. Ka koma gida ka ɗauko gizagon mahaifinka.

Ka sassaƙa ta aduwa, ka sassaƙa ta ƙirya, ka aika Yamai aka kawo maka ta roba. Kana zaunar da mu ka sa mu juya baya, ka buga kowace, ka tambaye mu wadda muka ji a ƙirji da wadda muka ji a kunne kawai. A nan muka koyi cewa ta roba ba ta da nauyi, tana da sauri, ta dace da waƙar da ƙafa ke gudu a cikinta. Ta itace kuwa tana faɗuwa da nauyi, sautinta na ratsa rurin gita ya fita sarai. Mai faffaɗan fuska ta fi cika wuri, mai dunƙulallen kai ta fi tsini. Har tsawon ƙarfen da ke riƙe da ita sai da ka yi ta gwadawa.

Ba ranar da muke tunawa da dariya kamar ranar wani biki a garin Ajekoriya, inda gular ƙirya ta farko ta huda fatar ganga ana tsakiyar rawa. Ba ka tsaya ba. Ka mayar da bugun ƙafa hannu a kan wata ganga har waƙar ta ƙare, sannan ka nemi ƙyallen fatar raƙumi wurin wani baduku ka manna a inda gular ke sauka. Daga ranar, duk gangar da ka taɓa sai da ka yi mata wannan facin, har da ta waɗanda ba namu ba.

Wannan shi ne halinka. Akwai wani taron matasa da aka gayyace mu tare da orkes ɗin Birnin Lalle, waɗanda muke gasa da su a lokacin. Suna kan dandamali gular makaɗinsu, Mutari, ta fita daga ƙarfenta. Kafin kowa ya motsa ka kwance taka, wadda ka fi so, ka rarrafa ta bayan ganguna ka ɗaura masa. Ba ka kuma karɓe ta ba. Da wasunmu suka yi gunaguni, abin da ka ce kawai shi ne, "In makaɗi ya ji kunya gaban jama'a, dukanmu ne muka ji ta."

Sai jarrabawa ta zo, ta kuma zo ta ƙafar dama. Ƙaramin rauni ne a yatsa ya ƙi warkewa, har likitoci a Maradi suka ce ba makawa sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Na je duba ka a asibiti. Kai ne ka riga ni magana. Ka ce, "Alhusaini, biyu Allah Ya ba ni, guda Ya karɓa. In ka koma gida ka kai mini fedal ɗina ɗaki."

Da ka dawo, ƙarƙashin itacen bedin gidanka ka zauna, ka jingina buhun ƙaiƙayi a bango, ka fara koya wa ƙafar hagu abin da ta dama ta yi shekaru tana yi. Matarka Hamdiya ta ce maƙwabta sun ɗauka daka take yi wuni guda. Ƙafar ba ta iya ɗaukar nauyin ƙirya ba, sai ka sassaƙa wata ƙarama ta aduwa, ka rage tsawon ƙarfen, ka sassauta fedal. Na ga ranar da ta ƙi bin umarninka har ka sunkuyar da kai. Na kuma ga ranar da ka koma kan kujerarka a gidan matasa bayan la'asar, sandunan tafiyarka a jingine, ka buga mana waƙa ta farko ba tare da kuskure ba. Mawaƙinmu ya kasa shiga baitinsa don kuka.

Ba ka daɗe a kai ba ƙarfi ya soma ja da baya. Da kanka ka aika aka kira Mutari, ka sa shi ya zauna ya taka kana kallon ƙafarsa. Ka ce masa, "Kai dunduniya kake ɗagawa, da dukan ƙafa kake sauka. Mai nauyi za ta gajiyar da kai kafin a raba dare da biki. Riƙe wannan." Ka zaɓa masa gula, ka ba shi kujerarka, ka ce mu riƙe shi kamar yadda muka riƙe ka.

A zaman makoki, Malam Abdulrauf, limamin unguwarku, ya yi wata magana a kanka. Ya ce shi bai taɓa son sana'arka ba, kuma ya sha gaya maka haka ido da ido. Amma duk tsawon maƙwabtakarku bai taɓa jin gangarka ta haɗu da kiran salla ba, kuma ko da ƙafa guda, a sahun farko yake samun ka.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Badaru. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hamdiya, da 'ya'yanka Zakiru da Lailatu, da 'yan'uwanka na Ɗan Gulbi, da duk makaɗan da ka taɓa durƙusawa ka gyara wa fedal. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.