Jikana da Sikelin Gwamnati

Ni mai ƙosai ce a unguwar Barokinya, a wani garin Turawa can ƙetaren babban teku. Duk wanda ya taɓa hawo gangaren nan da safe ya san hayaƙina, ya san ƙamshin manjana. A jirgi aka kawo ni garin nan ina budurwa, na yi bauta har furfura ta fara fito mini, da wannan kaskon kuma na fanshi kaina. 'Yata ce na kasa fansa. Ita kaɗai gare ni, a nan na haife ta, ta zauna a hannun wani Bature mai sayar da busasshen kifi can ƙasa wajen bakin ruwa. Labarin ɗanta zan ba ku, don har yau ina jin ana yabon shekarar nan, wai gwamnati ta rayar da jarirai. To, ni ina wurin.

Ana nan ana nan, sai aka yi shela a gari cewa daga yau duk abin da baiwa ta haifa ɗa ne, ba bawa ba. Ranar na toya ƙosai na yi ta rabawa sadaka har ƙullu ya ƙare. 'Yata tana da ciki a lokacin, uban cikin kuwa an riga an sayar da shi kudu. Ta haifi namiji, baƙi sumul, mai murya, in ya tsage da kuka sai maƙwabta sun leƙo. Akwai wani tsohon malami a unguwarmu, tela ne, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu karatu. Shi ya yi wa yaron huɗuba a kunne ya raɗa masa suna. Na ce alhamdulillahi, yau dai jinina ya zo duniya ba na kowa ba.

Ashe mai kifi ya riga ya yi nasa tunanin. Yaron ba nasa ba ne, doka ta faɗa. Amma nonon nasa ne.

Akwai wani gida a saman gari inda ake tara 'ya'yan tsintuwa. A jikin bangonsa akwai wani akwati mai juyawa. Mace ta sa jaririnta a ciki, ta juya, ta ja ƙararrawa, ta yi tafiyarta, ba wanda ya ga fuskarta. Matan coci masu farin lulluɓi ke riƙe da gidan, gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, ita ke hayar mata masu nono su shayar da yaran. Duk jaririn da ya shiga ta akwatin nan sai a ɗaura masa igiya a wuya, a matse bakin igiyar da 'yar darma mai tambari, yadda ba ta fita sai an yanke. Wai don kada mai shayarwa ta musanya yaro. Can mai kifi ya kai 'yata haya tun ba ta gama wankan jego ba. Aka ba ta wata jaririya fara, 'yar firit kamar ɗan tsako, da darmarta a wuya. Namu kuwa aka aiko mini da shi cikin kwandon kifi.

Me tsohuwa za ta ba jinjiri? Na dama masa kokon garin rogo, na tace da tsumma. Na nemo nonon akuya, cikinsa ya ƙi. Wata maƙwabciyata mai goyo ta sha ba shi nata, Allah ya saka mata, amma ita ma tagwaye gare ta. Abin da ya riƙe shi dai uwarsa ce. Duk sanda aka aike ta ɗebo ruwa, sai ta hawo gangaren da gudu, tulu a ka, 'yar mutane a baya, ta faɗo ɗakina tana haki.

"Inna, miƙo shi."

"Ke zauna mana ki huta."

"Ina na ga ta zama? Riƙe mini gimbiyar."

Haka take kiran jaririyar, gimbiya. Ni in riƙe gimbiya, ita ta tsaya a tsaye tana ba ɗanta abincinsa kamar mai sata, kunnenta na ƙofa.

Duk farkon wata gwamnati na aiko likita gidan nan da sikeli, irin na mahauta, sai dai an ɗora masa kwando a gefe guda. Masu shayarwa su jeru a tsakar gida. Likita ya duba darma, ya sa yaro a kwando, ya jera 'yan ƙarafan awo a ɗaya gefen, ya faɗi abin da ya gani a rubuta. Da wannan gwamnati ke sanin ko aikinta na tafiya. Yara sun yi nauyi, aiki ya yi kyau, shi ke nan. Matan kuwa tuni suka gane kan sikelin. Wata ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗura wa nata ruwan sukari har cikinsa ya yi kamar ganga. Wata tana cikin layi tana roƙon nata kada ya yi fitsari sai an sauke shi.

Kwanci tashi, aka zo wani awo, gimbiya ba ta ƙaru yadda likita ke so ba. Ya sa hannu ya matsa nonon 'yata a gaban jama'a kamar mai taya saniya, ya ce nono ga shi nan, to ina yake zuwa? Mai kifi ya san inda yake zuwa. Ya yi mata duka, ya ba wata tulun, ya hana ta taka ko bakin ƙofa.

Daga nan yaron ya fara zubewa a hannuna. Maɗigarsa ta faɗa. Fatar cinyarsa ta yamutse kamar tsohuwar jaka. Kukan nan mai tara maƙwabta ya koma kamar na ɗan kyanwa, sai ka kasa kunne kake ji.

Ranar awo ta zagayo, na rufe kaskona, na goya shi na hau. Mai tsaron ƙofar gidan wata tsohuwar Bayarabiya ce, 'yantacciya irina, ta daɗe tana cin ƙosaina tana kushe shi.

"Iya mai ƙosai, ke ma nonon kika kawo haya? Ai ke sai jikan gwamna."

"Matsa mini, 'yar'uwa, ba wasa ya kawo ni ba."

Ta leƙa bayana ta ga abin da na goyo. Dariyar ta ɗauke. Ta matsa.

Na ratsa layin matan nan, ban kalli kowa ba. An sauke wani yaro ke nan, kwando ba kowa, na kwance nawa na kwantar a ciki. Kwandon da ƙyar ya motsa. Na ji muryar 'yata can a cikin layi, ba magana ba ce, wani sauti ne kawai.

Likita ya ce, "Wannan na wane ne?"

Na ce, "Na gwamnati ne, ranka ya daɗe. Ita ta ce ɗa ne. Ga uwarsa can, ga abincinsa a bakin waccan yarinyar. Auna shi."

Ya sa yatsa ya laluba wuyan yaron.

"Ba shi da darma."

"Ba shi da nama ma. Duba."

"Tsohuwa, ina gani, ni ba makaho ba ne. Amma wanda ba shi da darma ba ya cikin aikina. In na auna shi, a ina zan sa shi?"

Bai yi tsawa ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. A hankali ya yi magana, kamar mai gaya mini kasuwa ta tashi. Ya ce a ɗauke yaron, mutane na jira. Na ɗauke.

A waje Bayarabiyar ta kamo zanena.

"Hanyar darma ɗaya ce," ta nuna akwatin bangon da haɓarta. "Mata da yawa sun yi. Ki sa shi, su ɗaura masa, su ba shi mai nono a cikin gari, kina ganinsa duk wata. Ki ɗaura masa wata alama, kowa na yi wa nasa. In ya yi ƙwari ku zo ku ce naku ne."

Na je wurin malam. Yana ɗinki, bai ɗago ba sai da na gama.

"Baiwar Allah, za su zuba masa ruwa a ka, su sauya masa suna."

"Su sauya, Malam. In ya rayu na koya masa salla a ɗakina. In ya zauna a hannuna, wanka za ka zo yi masa."

Ya ajiye ɗinkin. Sannan ya jawo tawada ya rubuta addu'ar tsari, ya ninke takardar, ya ɗinke ta cikin 'yar fata da hannunsa. Wasu matan rabin zobe suke ɗaura wa nasu, wasu ƙyalle mai launi, wasu ɗan gicciye. Ni me zan ɗaura wa jinin Musulmi in ba laya ba?

Da azahar na kai shi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ba kowa. Akwatin yana zarnin fitsarin waɗanda suka riga shi. Na kwantar da shi, na gyara masa layar a ƙirji, na juya. Na ja ƙararrawa. Na tsaya har na ji takun mutum daga ciki, sannan na sauko.

Da wata ya kama na koma ranar awo. Na bi layin nan mace bayan mace ina leƙa fuskar goyo. Ba shi. Bayarabiyar ta ja ni bayan ƙyaure.

"Me kika ɗaura masa, 'yar'uwa?"

"Laya."

Ta dafe kai. Ta ce matan cocin sun farke fatar, da babbarsu ta ga rubutun nan namu sai ta ja da baya kamar ta ga maciji. Tun shekarar da mazanmu suka fito cikin fararen riguna suka je fasa kurkukun da ke ƙarƙashin gidan majalisar gari, Turawan nan ba su ƙara ganin baƙin Larabci hankalinsu ya kwanta ba. Mazan nan ƙasa ta daɗe da cinye su, amma tsoron na nan. Suka ƙone takardar. Suka ce wannan yaro ba zai zauna a gari inda mutanensa za su gano shi ba. Aka sa shi a kwalekwale zuwa gonakin rake, can ƙetaren ruwa.

Na ce, "A can wa ke auna shi?"

"Wa zai ɗauki sikeli ya ƙetare ruwa? Na cikin gari ake aunawa. Dama raunana can ake tura su, kada su ɓata awo. In sun rayu a gan su da girma. In ba su rayu ba, darmar ke dawowa."

Ta ce ita ta riƙe shi aka matse masa darmarsa. Farar igiya ta ƙare musu a ranar, da shuɗiya aka ɗaura masa.

Na yi ta sauka bakin ruwa ina tambayar masu kwalekwale. Wace gona, Iya? Ban sani ba. Wane suna? Sunan da na sani ba shi ake kiransa da shi ba. Wani ya ce mini gonakin rake a can sun fi gidajen Barokinya yawa, in koma gida in yi addu'a.

Ƙarshen shekara wani babba ya zo daga gwamnati ganin aiki. Aka share tsakar gida, aka rataya ganyen dabino, aka kawo masu busa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Aka auna yara ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya danne kwando. Babban ya miƙe ya ce bai taɓa ganin shekara irin wannan ba, duk yaron da ya hau sikeli ya ƙaru, uwaye da 'ya'ya sun ga amfanin gwamnati. Gaskiya ya faɗa, duk wanda ya hau ya ƙaru. Su suka zaɓi masu hawan.

Gimbiya ta fi kowa nauyi. Aka kira 'yata gaba, aka yafa mata wani mayafi ja mai geza, kyautar mai shayarwar da ta fi kowa. Mai kifi na gefe yana washe baki. Aka yi tafi.

Ana cikin tafin Bayarabiyar ta taɓa ni. Ta kai ni wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa inda ake ajiye tsintsiya. A ƙasa akwai wani kwano cike da yankakkun igiyoyi, kowace da darmarta, jirgin rake ya kawo su a satin. Ta nuna mini shi. Shuɗiyar tana sama. Zagayenta bai fi a zura yatsu uku ba. Na ce a ina aka binne shi, ta ce igiya kawai ake aikowa.

Da aka watse 'yata ta samu ta zo bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa, gimbiya a hannu tana jan rigarta.

"Inna, an gan shi?"

Na dube ta. Ta dube ni, ta gane. Gimbiya ta fara kuka, 'yata ta zauna a dandamalin ƙofar ta ciro nono ta ba ta, don jiki ya saba. Ban taɓa riƙe yarinyar nan a zuciya ba, ita ma wata ce ta sa ta a akwati. Har ta yi wayo in ta biyo ta gangaren nan nakan ba ta ƙosai mai zafi.

Can 'yata ta ce, ba ta ɗago ba, "Ranar da kika ɗora shi a kwandon nan, likitan ya faɗi nauyinsa kuwa?"

"Bai faɗa ba."

Ta zare mayafin daga kafaɗarta ta miƙo mini. Ba mu da gawar da za mu naɗe da shi. Washegari da safe na yayyaga shi, na tsoma a manja, da shi na hura wutar kasko.