Garwashin Bushiya

Yaya mace za ta tsufa da mijinta a ɗaki ɗaya, ba ta taɓa sanin tsoro yake ji ba? Rubuta haka, Hauwa jikata, ko da ba ki da amsa. Ni ma ba ni da ita.

Shekarun da Turawa suka miƙa mulki muna Likoro, a gidan kakarmu da muke kira Iya. Tare da mu akwai Tanko, ɗan baffana. Ya zama saurayi, ƙato, amma hankalinsa bai bi jikinsa ba. In an gaishe shi sai ya toshe kunne ya juya baya. Wata rana a kasuwar Makarfi, Malam Jibo, wani dattijon unguwarmu, ya riƙo hannunsa don ya tilasta masa gaisuwa. Tanko ya hankaɗa shi cikin buhunan dawa. Baffa ya dawo gida, ya rantse in aka gama girbi yaron bai canja ba, zai kai shi inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa.

Ran nan bayan magariba muna zagaye da murhu, sai Iya ta ɗebo ruwa a moɗa ta sheƙa wa wutar. Gidan da ashana sai ranar kasuwa! Innata ta dafe ƙirji.

"Iya, lafiya?"

"Lafiya lau. Ku matso, ga tatsuniya ta iso."

Wai wutar Bushiya ce ta mutu, 'ya'yanta suna kukan yunwa. Duk ƙofar da ta je, da an ce "Wane ne?" sai ta dunƙule, ƙayoyi a waje. Kurciya ta tausaya mata ta ce: "Ki tsaya a zaure ki yi sallama. Ki jira a amsa. Ki durƙusa ki kalli ƙasa, ba mai ganin laifinki. Ki tambayi gajiya, ki roƙi wuta, ki gode, ki koma gida."

Iya ta tsaya a nan. Muka ce, "Sai me?"

"Ni ba na ƙarasa labari a duhu. Tanko, ga kasko, ɗebo mana garwashi a maƙwabta."

Ya dawo da kasko wayam, yana kuka. Ba ta yi faɗa ba. Ita ta zama mai gida, ni na zama Kurciya, muka yi ta maimaitawa har ya iya sallamar. Kowace yamma sai ta kashe wuta, ta ƙara masa gida ɗaya. Da dawa ta nuna, ta ce, "Yau gidan Malam Jibo." Baffa ya miƙe tsaye. "Iya, so kike a yi kisa?" Ta ce, "Zauna, ba kai na aika ba."

Tanko ya tafi, ya daɗe. Sai ga shi da garwashi jajir, Malam Jibo na biye da shi yana dariya: "Wannan ja'irin har iyalina ya tambaya!" Ba a sake zancen mari ba.

Daga baya na auri Tanko, ni na ce ina so. Ya yi noma, ya yi jikoki, har ana yabon gaisuwarsa.

A ciwonsa na ƙarshe na lura, duk wanda ya shigo dubiya, sai leɓensa ya motsa kafin ya amsa. Na ɗauka salati ne.

"Malam, me kake karantawa?"

"Maganar Kurciya. Kullum sai na yi, Ladi. Har ke, da safe."

"Har ni?"

"Tsoron bai taɓa tafiya ba. Mutanen nake so."

Ni da na ɗauka Iya ta warkar da shi! Ashe hanya kawai ta nuna masa, shi kuwa ya yi ta binta kowace safiya, da kaskonsa, har zuwa gabana. Ban san ko in yi kuka don wahalarsa ba, ko don yawan zuwan da ya yi.

Da la'asar ya nemi hannuna, shi da bai cika son a taɓa shi ba. Ya kalli ƙasa, ya ce:

"Na gode da wuta, Ladi. Zan koma gida."