Ranar da Inna ta ga mai sikila da furfura

Ana idar da sallar asuba muka bar garin Lafiya a mota, ni da Inna mahaifiyata da 'yata mai shekara bakwai. An kwana ana ruwa, sai na naɗe yarinyar da rigar sanyi biyu da hula, domin mai sikila ba ya shiri da sanyi. Wani asibiti muka nufa a Abuja, inda ake ware rana guda don masu wannan ciwo.

Inna ba ta so zuwa ba. Ta binne 'ya'ya maza biyu, ƙannena, babu wanda ya kai shekara shida. A lokacin amosani kawai ake cewa, a jiƙa sassaƙe a ba yaro. Tun daga nan take ganin yawon asibiti wahalar da yaro ne kawai. Ta biyo mu ne, in ji ta, don kada ɗawainiya ta yi mini yawa.

Wajen Akwanga gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu, gonaki kore shar, motar kamar a kan ruwa take tafiya. Yarinyar ta yi barci a cinyata, ni kuwa ina ta ƙoƙarin tuno fuskar ƙaramin ƙanena, ta ƙi zuwa. A Keffi muka sayi gasasshiyar masara. Inna ta gatsa sau ɗaya, ta ce wannan masarar ta girme ta.

Cunkoson motoci a Mararaba ya cinye mana fiye da awa guda. 'Yan acaba suna kutsawa ta ko'ina, masu talla suna zuro hannu ta taga. Muna wuce Nyanya sai titi ya buɗe, ga sababbin benaye suna ta tashi. 'Yata ta farka ta ce, "Mama, ƙasar waje muka zo?"

A asibitin na zaci yara kaɗai zan gani. Sai ga ɗan bautar ƙasa da kakinsa a layi, ga wata mai goyo ta zo karɓar nata maganin. Likitar da ta duba 'yata ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce har yanzu a karkara yara da yawa suna mutuwa kafin su shiga makaranta, ba a ma san sunan ciwon ba. Amma waɗanda aka gwada tun suna jarirai, aka riƙe su da rigakafi da gidan sauro da magani kullum, suna girma.

Da muka fito, wata Hajiya tana yi wa iyaye bayani a baranda, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. A wata ma'aikatar gwamnati take aiki. Ta ce ita ma mai sikila ce. Inna ta tashi ta je har gabanta.

"Baiwar Allah, shekarunki nawa?"

"Na haura hamsin, Mama. Har jika gare ni."

Inna ta kama hannunta tana juyawa, ta daɗe ba ta saki ba. Hajiyar ta ƙyale ta.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Keffi, Inna tana kallon waje ta ce, "Da ƙannenki a wannan zamanin suka zo..." Ba ta ƙarasa ba.

Mun isa gida kafin magariba. Na je Abuja neman magani, na dawo da sanin cewa wani lokaci ganin wanda ya rayu ya fi duk wani bayani shiga zuciya. Washegari da safe na nemi Inna na rasa. Ashe tana gidan maƙwabta, inda ake shirin auren ɗansu, ta zaunar da uwar angon tana cewa kada a sa rana sai an gwada jinin angon da amaryar.