Baƙin Rami a Fastar Alhaji

Lokacin da sojoji ke shirin komawa bariki, ina aikin buga takardu a shagon kawuna a Gyaɗi-Gyaɗi. Kwamfutarmu ɗaya ce, tana gurnani kamar injin markaɗe. Kusa da mu akwai wani malamin kimiyya, mutumin Filato, da ke koyarwa a wata sakandare a Tarauni. Duk yamma sai ya zo ya roƙi aron kwamfutar.

Wai hoton baƙin rami yake son zanawa, wani abu can a sararin samaniya da ke haɗiye komai, har haske. Ya ce kwamfutar za ta bi sawun haske zare-zare, ta lissafa yadda kowanne ke lanƙwasa in ya kusanci ramin. Yana kuma taƙama da salon da ya bi wajen rubuta wa kwamfutar umarni.

"Ƙanwata, a wannan salon komai lissafi ne. Abin da ka faɗa sau ɗaya ba ya canjawa."

Na ce, "To Malam, me ya sa ba ya tuna inda ya tsaya?"

Domin da an ɗauke wuta, sai aikin ya koma farko. Mun sha wannan har na gaji da yi masa jaje.

Ranar da hoton ya kammala, baƙar da'ira ce da zoben haske kewaye da ita. Kawu ya leƙa ya ce waina ce ta ƙone. Muna cikin haka sai ga wani Alhaji ɗan takarar kansila, ya zo a buga masa fasta. Ya tsaya ya ƙura wa allon ido.

"Wannan fa? Rana ce ke fitowa?"

Malam ya gyara tsayuwa ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa duk abin da ya shiga ciki ba ya fitowa har abada.

Alhaji ya ce, "Madalla. A sa min shi a bayan kaina."

Na sa masa. Hoton bai cika takardar ba, sai na ja shi ta gefe ya ƙara faɗi. Ba a jima ba fastar ta cika bangayen Unguwa Uku, Alhaji na murmushi, ramin na bayan hularsa.

Na zaci Malam zai yi fushi don an ɗauki aikinsa ba izini. Ashe zoben ne ya dame shi, wai na mayar da shi kamar ƙwai, kuma lissafi bai yarda da haka ba. Har gidan Alhaji ya je, bayan ya ci zaɓe, don a gyara. Ya wuni a kan benci cikin masu neman aiki. Da yamma aka fito masa da atamfa turmi guda, aka ce ya gaida madam.

Matarsa ta ɗinka atamfar. Shi kuwa ya koma aron kwamfuta a wani shago a Unguwar Gano.