Falmaran ɗin Nasiru

Cikin duk shekarun da na yi ina alƙalancin snuka a garin nan, rana ɗaya ce ta ƙi barin raina: ranar da na tsaya a kan teburin Nasiru ɗan Alhaji Tanko. Tunda ku ma aikin nan kuka zo koya, gara ku ji daga bakina kafin mutanenmu na unguwar Soundview su ba ku nasu, don nasu ya sha gishiri.

A tsakiyar shekarun 2010 ne. Wata babbar gasar ƙwararru da ake yi a ƙetare ta ware gurbi ɗaya tak ga 'yan wasan wannan yanki waɗanda ba ƙwararru ba. Aka ce a yi gasar share fage a kulob ɗinmu na Queens, wanda ya ci shi zai tafi ya kara da manya. Kun san snuka ba wasan Amurkawa ba ne, su na ƙaramin tebur suka sani, don haka alƙalai masu takardar shaida ba mu da yawa. Ni ne mai babban mataki a cikinmu a lokacin.

Nasiru a zangon Kumasi aka haife shi, a Soundview ya girma. Ya kusa talatin, yana aikin kula da tsofaffi, in ya tashi ya zo ya kama sanda. Hannunsa kuwa, ban ga irinsa a cikin mutanenmu ba. Mahaifinsa, Alhaji Tanko, shi ne mai masaukina lokacin da na sauka daga Kano ban san gabas ba ban san yamma ba. A falonsa na kwana, shi ya sama min wurin kasa kaya a Canal Street. Ko da na koma unguwar Stapleton, gidansa nake yin Sallah. Nasiru Baba yake ce min.

Dokar gasa ce ɗan wasa ya sa falmaran a kan riga mai dogon hannu. Da Nasiru ya kai wasan ƙarshe, Alhaji ya ce ɗansa ba zai fita da tsohuwa ba, ya sa wani telan Damagaram da ke Bronx ya ɗinka masa sabuwa. To kun san telolinmu, ba sa ɗinka abu cif da jiki, sai sun bar wa tumbin da bai zo ba wuri. Ranar wasan da safe na ga Nasiru a bakin ƙofa, falmaran tana lilo kamar ta yayansa. Na tsokane shi, na ce ko ya koma wa tsohuwar, ko ya nemi fil ya ɗame wannan. Ya yi dariya ya ce Alhaji da hannunsa ya sa masa ita, ya tofa mata addu'a, yanzu kuma zai zauna a layin gaba yana kallo. Da wane ido zai cire ta?

Ba a jima ba shugabar gasa, wata 'yar Ingila da muke kira Madam Helen, ta ce ni zan yi alƙalancin wasan ƙarshe. Ƙa'ida ita ce in kana da alaƙa da ɗan wasa ka faɗa. Na faɗa mata komai, har kwanan falo. Ta ce ɗaya alƙalin da ya rage shi ke horar da abokin karawar Nasiru, wani ɗan China mazaunin Flushing mai suna Mista Lin, ka ga nasa ya fi nawa muni. Ta kira 'yan wasan biyu ta yi musu bayani, duka suka yarda. Sannan ta dube ni ta tambaya ko zan iya. Na ce zan iya, na kuwa ƙudurta a raina cewa in na shiga filin nan ban san ɗan kowa ba.

Ga wanda bai san wasan ba: ana jefa jajayen ƙwallaye da masu launi cikin ramuka, kowace da makinta, zagaye ɗaya shi ne firem. Farar ƙwallo kaɗai ake taɓawa, ita ma da bakin sanda. In hannunka ko rigarka ta taɓa wata, ko da ba ta gusa ba, laifi ne, abokin karawarka za a ba maki, teburin kuma ya koma hannunsa. Shi ya sa nake ta yi muku faɗa cewa alƙali ba rami yake kallo ba. Ramin na 'yan kallo ne, kai jikin ɗan wasa kake kallo.

Wanda ya fara cin firem biyar shi ya yi nasara. Mutanenmu sun cika ɓangare guda, 'yan Ghana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, wasu sun rufe shaguna sun taho. Na sha fama da su kafin su gane nan ba filin ƙwallon ƙafa ba ne, ba a yi wa ɗan wasa kirari yana kan bugu. Wasa ya yi zafi, wannan ya ci, wancan ya rama, har aka kai huɗu da huɗu. A firem na ƙarshe ƙwallo uku suka rage, shuɗiya da ruwan hoda da baƙa. Nasiru na gaba da maki kaɗan, kuma shi ke da bugu. In ya jefa shuɗiya da ruwan hoda, ya tafi gasar manya.

Farar ta tsaya nesa, sai da ya miƙe a kan tebur, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ina bayansa ta hagu. Ya buga, jikinsa ya bi sandar, sai na ga gefen falmaran ya shafi ruwan hoda. Ba ta gusa ba, girgiza kawai ta yi ta koma. Shuɗiya ta faɗa rami, ɗakin ya ɗauki tafi, Alhaji har ya miƙe tsaye. Shi Nasiru bai ji ba, don yadin ba ya jikinsa. Da ya ji, na san shi, da kansa zai faɗa, haka al'adar wasan take. Mista Lin yana zaune ta ɗaya gefen, bai gani ba. Amma doka ta ce nan take ake faɗa, ba a tsayawa shawara da zuciya.

Na ɗaga murya na ce, "Fawul. Mista Lin, shida."

Makin ruwan hoda ke nan. Tafin ya mutu. Na ciro shuɗiya na mayar da ita gurbinta, na matsa gefe. Mista Lin ya tashi ya jefa shuɗiya, ya jefa ruwan hoda, wasa ya ƙare.

Bayan wasa 'yan wasa sukan ba alƙali hannu. Nasiru ya riƙe nawa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ta taɓa?"

"Ta taɓa."

"To shi ke nan."

Ya juya ya je ya taya Mista Lin murna, idonsa ya yi ja. Alhaji kuwa a baranda ya tare ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi.

"Sabi'u, wa ya gani?"

"Ni na gani, Alhaji."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya gyara hularsa ya wuce. Mista Lin ya tafi babbar gasar, aka fitar da shi a zagayen farko, abin da ya ƙara wa mutanenmu haushi, don kowa cewa yake da namu ne da ya kai labari. Aka ce na sayar da ɗan gida don Turawa su yabe ni. Sallar shekarar nan a Stapleton na yi ta ni kaɗai. Sai da Nasiru ya yi ta bin mahaifinsa da magana kafin ya koma amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Abin da na koya shi ne, wanda ya san wasan nan yakan haɗiye hukunci a wurin, ko da ya ƙona shi; masu ƙaunarsa ne ba sa iyawa, kuma ba na ganin laifinsu. Ba a sake ware wannan gurbi ba. Nasiru yanzu tasi yake ja, yana da 'ya'ya, bai taɓa taka babbar gasa ba, kuma ni ne na rufe masa ƙofar da bakina. Yana damuna har gobe. Da za a mayar da ni bayan teburin nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Wanda ya san ba zai iya yi wa ɗan mai masaukinsa haka ba, ya gaya min yau kafin in tsayar da shi a kan tebur.